Walker, Fuller da Tucker: Sana'a Ɗaya, Suna Uku

Duk wanda ya ɗan laƙanci Turanci, in ya ji an kira wani Walker, zai ɗauka kakan mutumin matafiyi ne ko sarkin yawo. Haka mai kallon ƙwallo zai fassara sunan Kyle Walker, haka mai bin siyasa zai fassara sunan tsakiya na George Walker Bush. Turawan ma da kansu sun faɗa wannan tarko, domin kamfanin giyar nan na Johnnie Walker, wanda ya tsiro daga kantin wani John Walker a garin Kilmarnock a 1820, tun wajen 1908 yake amfani da hoton mutum mai dogon taku a matsayin tambarinsa. Sai dai mutumin da aka fara yi wa wannan laƙabi a Ingila ba ya zuwa ko'ina. A wuri ɗaya yake wuni, tsaye cikin komin katako, ruwa har ƙauri, yana tattaka yadin ulu da ƙafafunsa. Abin mamakin kuma shi ne wanda ke yin wannan aiki a gabashin ƙasar Fuller ake ce masa, wanda ke yin sa a kudu maso yamma kuwa Tucker. Ina ganin waɗannan sunaye uku sun isa su nuna mana abin da sunan gado na sana'a yake adanawa. Kaɗan yake faɗa game da aikin da zuri'a ta daɗe tana yi. Abin da yake riƙewa gam shi ne wurin da aka raɗa shi, da zamanin da aka raɗa shi, da kalmar da maƙwabta suke furtawa a bakin titi a lokacin.

Sai an fara da aikin kansa, domin ya ɓace daga idon mutane har a Ingila. Yadin ulu idan ya sauko daga masaƙa bai sawu. Sako-sako yake, ana hango haske ta tsakanin zarensa, ga maiƙon tunkiya, ga kuma man da aka shafa wa gashin don ya yi daɗin kaɗi. Aikin mai tattaka shi ne ya raba yadin da maiƙon, sannan ya sa gashin ya cuɗe da juna har saƙar ta ɓuya. Yana jiƙa shi da wani irin yumɓu mai tsotse maiƙo, wanda ake haƙa a wurare kamar Nutfield a Surrey da Woburn a Bedfordshire da kewayen Bath, ko kuma da fitsarin da ya kwana biyu, domin shi ne sabulun talaka a wancan zamani. Tun zamanin Rumawa haka ake yi; an tono irin waɗannan wuraren wanki a kangon birnin Pompeii, kuma Sarki Vespasian har haraji ya ɗora wa fitsarin da ake tarawa. Bayan sa'o'i ana tattakawa ana juyawa, yadin yakan tsuke, wani lokaci har kashi ɗaya cikin uku, ya yi kauri, ya iya tare ruwa da iska. Daga nan a ɗaure shi a jikin katako mai ƙugiyoyi ya bushe a miƙe, a taje fuskarsa da kan wani tsiro mai ƙaya, sai mai almakashi ya zo ya daidaita gashin. Wanda ya san yadda masu bugu ke fito da ƙyallin baƙin yadi bayan ya fito daga marina zai gane matsayin wannan mutum: masaƙi ya yi nasa, amma kuɗin yadin a hannun mai gamawa yake ƙaruwa.

Sana'ar ba ƙarama ba ce, domin ulu shi ne arzikin Ingila a wancan lokaci. A farkon ƙarni na 14 ƙasar tana fitar da buhu sama da 30,000 na ɗanyen gashin tumaki a shekara, kowane buhu kimanin kilo 165, akasari zuwa masaƙan Flanders da Italiya. Har yau shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama. Daga zamanin Sarki Edward na Uku, wanda ya fara ba masaƙan Flanders takardar kariya a 1331 don su zo su zauna, Ingila ta riƙa rage sayar da ɗanye tana ƙara sayar da saƙaƙƙe, har yadi ya zarce ɗanyen ulu a ƙarni na 15. Kusan kowane ƙunshin yadi kuwa dole ya bi ta hannun mai tattaka.

Yanzu ga kalmomin. Walker ta fito ne daga tsohon Turanci, daga aikatau wealcan, mai ma'anar mirginawa ko jujjuya abu. Ma'anar tafiya a ƙasa sai wajen shekara ta 1200 ta shiga kalmar, wato mai tattaka yadi ya riga matafiyi mallakar ta. Jamusanci ma har gobe yana da walken da ma'anar wannan aiki. Fuller kuwa baƙuwa ce, daga fullo ta Latin, ta shiga Turanci tun da wuri, sannan Faransancin da Normawa suka zo da shi bayan yaƙin 1066 ya ƙara mata gindin zama. Tucker ta fi su ban dariya, domin tushenta tucian na nufin gallazawa ko azabtarwa, kuma duk wanda ya ga irin dukan da yadin ke sha ba zai ce an yi ƙarya ba. Da masana suka bi takardun haraji na ƙarni na 13 da na 14, musamman Gustav Fransson ɗan Suwidin a littafinsa na 1935 kan sunayen sana'a tsakanin 1100 da 1350, sai suka tarar kalmomin sun raba ƙasar kamar gado. Fuller ta riƙe gabas da kudu maso gabas, irin su Kent da Sussex da Norfolk. Tucker ta riƙe Devon da Somerset da Cornwall. Walker ta kwashe arewa da yammacin tsakiya har cikin Sikotlan. Sunayen wurare sun bi sahu: akwai titin Walkergate a Beverley da Durham, akwai Tuckingmill a Cornwall da titin Tucker a Wells. Sauran sana'o'in yadi ma haka suka rabu. Marini Dyer ne a kudu, Lister a Yorkshire. Masaƙi Webb ne a kudu da yamma, Webster a arewa.

Ta yaya laƙabi ya zama gado? Kafin zuwan Normawa, Bature ɗan Ingila suna ɗaya yake da shi, sai inkiya idan ta kama, kuma inkiyar tare da shi ake binne ta. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar da suna, saboda suna da abin gadarwa. Talakawa sun biyo baya a hankali, tsakanin wajen 1250 da 1400, kudu kafin arewa, birni kafin ƙauye. Abu biyu suka tura su. Na farko, sunayen yanka sun ƙaranta ƙwarai, har ya zama John da William da Robert da Richard da Thomas sun cinye yawancin mazan ƙasar, dole a nemi abin bambancewa. Na biyu, rubutu ya shiga rayuwar talaka ta ƙofar kotun ubangidan ƙasa da ta mai karɓar haraji. Wanda zai gaji gonar ubansa yana so a gan shi a littafi da sunan da aka rubuta uban. Harajin kai na 1377, kwabo huɗu na lokacin a kan duk wanda ya kai shekara 14, ya ƙidaya mutum fiye da miliyan 1.3, aka sake shi a 1379 da 1381, har na ƙarshen ya haddasa boren talakawa. A 1413 doka ta ce takardar sammaci ta ambaci matsayin mutum ko sana'arsa da garinsa bayan sunansa, alamar cewa an daina dogara da suna wajen gane aikin mai shi. A 1538 Thomas Cromwell ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma daga nan sunan da iyali suka shiga littafi da shi ya zama mai wuyar sauyawa.

Nan ne gaɓar da na fi so a lura da ita. Muddin ana kiran mutum Walker saboda yana tattaka yadi, kalmar kwatance ce kawai, daidai da yadda Bahaushe zai ce wane maƙeri ko wane marini. Ta zama suna ne ranar da aka kira ɗansa Walker alhali shi gasa burodi yake yi. Wato sunan bai zama na gado ba sai da ya daina faɗin gaskiya. Shahararren misali shi ne mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Sunansa daga Faransanci yake, yana nufin mai ɗinka abin sa wa ƙafa, amma mahaifinsa John dillalin giyar inabi ne a Landan, shi kuwa ma'aikacin sarki ne, har ya riƙe kwastan na ulu a tashar jiragen ruwan birnin. A ƙasar Hausa ta dā, sana'ar ce ake gada, laƙabin kuma ya bi wanda ke yin ta. Ɗan maƙeri da ya zama malami malam za a ce masa. Ingila ta juya abin, suna ya zauna, sana'a ta tafi. Annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ta ƙara saurin rabuwar, domin ma'aikata sun yi tsada, gonaki sun rasa masu su, kuma yaro ba shi da dalilin tsayawa a komin ubansa.

Wani abu kuma shi ne, a daidai lokacin da sunan ke daskarewa, ƙafa ta riga ta fara barin aikin. Lissafin dukiyar ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Templar na 1185 ya ambaci injin tattaka yadi mai aiki da ruwa a Newsham ta Yorkshire da kuma Barton ta Gloucestershire. Babbar taya ce ta katako da rafi ke juyawa, tana ɗaga manyan gudumomi biyu suna faɗawa kan yadin bi da bi, kamar mata biyu a kan turmi. Mutum ɗaya da yaronsa suna iya yin aikin da dā sai gungun ƙarti. A 1941 masaniyar tarihi Eleanora Carus-Wilson ta kira wannan juyin masana'antu na ƙarni na 13, ta ce injin ne ya janye sana'ar yadi daga tsoffin biranen gabas zuwa kwarurukan yamma da arewa masu ruwa mai gudu. Masanan baya sun ce ta zuzuta, sun nuna cewa harajin birane da dokokin ƙungiyoyin sana'a su ma sun kori masaƙa zuwa ƙauye. Ko da an rage mata, abin da ya shafi zancenmu bai taɓu ba. Mutanen arewa sun ci gaba da kiran mai kula da gudumomi Walker, suna kiran injin kansa walk mill, ko da yake babu mai taka komai. Mutanen Devon suka ce tucking mill. Kalmar ta riga ta saki ma'anarta ta farko tun kafin iyalai su gaje ta, don haka ba kowane Walker na farko ne ma ya taɓa jiƙa ƙafarsa ba.

Akwai masu ja, kuma jansu na da tushe. Na farko za su ce ba duk Walker ne daga yadi ya fito ba. Gaskiya ne. A gefen Newcastle akwai unguwa mai suna Walker, wadda sunanta ke nufin fadamar da ke kusa da ganuwa, wato ganuwar da Rumawa suka gina a zamanin Hadrian, kuma mutumin da ya baro can yana iya ɗaukar sunan. An kuma taɓa kiran mai gadin dajin sarki da wannan kalma, saboda yana zaga yankin da aka ba shi. A tsaunukan Sikotlan wasu iyalai masu sunan Gaelic sun mayar da nasu Walker, amma wannan shaida ce a gare mu, domin sunan nasu na asali ɗan mai tattaka yadi yake nufi. Amsar sauran kuwa tana cikin taswira. Da yawancin Walker daga unguwar Newcastle suke, da sunan ya taru a bakin kogin Tyne ya riƙa sirancewa da nisa, kamar yadda sunayen gari suke yi. Da daga masu gadin daji suke, da an same su da yawa a Hampshire da Essex, inda manyan dazuzzukan sarki suke. Abin da aka gani shi ne Walker yana ƙaranci daidai inda Fuller ko Tucker ke yawa. Sunaye uku ba za su riƙa kauce wa juna haka ba sai in kujera ɗaya suke nema.

Ja na biyu ya fi wannan kaifi. Takardun nan malamai ne suka rubuta su, da Latin ko Faransanci, to me zai hana a ce taswirar ta al'adar malaman ce, ba ta bakin jama'a ba? Ai malamin York da na Exeter duka fullo suka koya a makaranta. To amma wannan ja da kansa yake sare reshen da yake zaune a kai. Da alƙalami ne ya raɗa sunan, da Fuller ta mamaye ƙasar baki ɗaya, tunda ita ce 'yar gidan Latin. Tsirar Walker da Tucker na nuna cewa akwai lokacin da malami ya ajiye abin da ya koya ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Birnin Exeter ya adana wannan takun-saƙa a jikin gini guda. Ƙungiyar masu sana'ar yadi ta can ta gina ɗakin ibadarta a 1471, kuma a sunanta na hukuma Fullers ne ke tsakanin masaƙa da masu almakashi, amma ginin har yau Tuckers Hall ake kiran sa. Haka kuma masu fassara Baibul zuwa Turanci a da'irar John Wycliffe, a shekarun 1380, da suka zo ayar Markus da ke kwatanta farin tufa, sai suka jera fuller da walker tare, domin sun san kalma ɗaya ba za ta gamsar da mai karatun kudu da na arewa ba. A ƙarshe Landan ce ta yi nasara a ƙamus. Ƙungiyar Fullers ta birnin ta sami takardar sarki a 1480, ta haɗe da ta masu almakashi a 1528 suka zama Clothworkers, kuma daidaitaccen Turanci ya ɗauki kalmar babban birni. A rajistar haihuwa kuwa Walker ta yi wa Fuller fintinkau.

Wannan fintinkau shi ma abin tambaya ne, kuma yana haɗe da ja na uku, cewa shekara 600 na ƙaura sun isa su shafe kowace taswira. Ba su shafe ta ba. Ƙidayar 1881 ta nuna Tucker na nan cunkushe a Devon da Somerset, Fuller a Sussex da Kent da Surrey da gabas, Walker a Yorkshire da Lancashire da Durham da tsakiyar ƙasa. Henry Guppy, wanda ya bi sunayen manoma gunduma-gunduma a littafinsa na 1890, irin wannan rabo ya tarar. Dalili shi ne yawancin ƙaurar Ingila gajera ce, daga ƙauye zuwa kasuwar da ke kusa, ko auren da bai wuce tafiyar wuni ba. Yawan Walker, wanda ke cikin sunaye 20 mafi yawa a Ingila, bai nuna cewa arewa ta fi masu tattaka yadi a 1300 ba, domin a lokacin gabas ce ta fi jama'a da arziki. Yankin kalmar ne ya fi faɗi, sannan garuruwan da ke cikinsa, irin su Leeds da Bradford da Manchester da Glasgow, su ne suka kumbura a ƙarni na 18 da na 19. Yawan masu suna a yau labarin haihuwar jikoki ne. Su kansu gudumomin injin ruwa sun fara ritaya bayan 1833, lokacin da wani mutumin Trowbridge ya yi rajistar injin da ke matsa yadi tsakanin gangunan da ke juyawa. Sunansa John Dyer, wato jikan marini ne ya karɓe aikin jikokin mai tattaka.

Akwai kuma abin da sunayen suka yi shiru a kansa, wanda ya kamata ya rage mana yarda da su a matsayin ƙidayar ma'aikata. Masaƙi ɗaya yana buƙatar masu kaɗi da dama kafin zare ya ishe shi, don haka masu kaɗi sun fi kowa yawa a harkar ulu. Amma Spinner suna ne da ba kasafai ake jin sa ba, saboda kaɗi aikin mata ne a cikin gida, suna kuwa ta wajen uba yake bi. Kalmar spinster, mai kaɗi, maimakon ta zama sunan dangi sai ta zama kalmar shari'a ta macen da ba ta yi aure ba. A tsibiran Hebrides, inda tattaka yadi da hannu ya rayu har cikin ƙarni na 20, mata ne ke zama kewaye da katako suna buga yadin suna miƙa wa juna, suna rera waƙoƙin da aka tanada don aikin. Suna cikin na ƙarshe da suka yi abin da kalmar walker ke nufi tun asali, kuma aikin bai ba ko ɗayansu sunan ba.

Da sunan ya hau jirgin ruwa kuma, sai ya saki har da jinin. A gonakin bayi na Amurka da Jamaika, dubban 'yan Afirka sun fito daga bauta ɗauke da Walker ko Tucker ko Fuller, wasu na iyayengiji, wasu zaɓin kansu bayan 'yanci. Sarah Breedlove, wadda aka haifa a Louisiana a 1867 ga iyayen da suka yi bauta, ta yi arziki da sayar da man gashi a ƙarƙashin sunan Madam C. J. Walker, sunan da ta samu daga mijinta. A gaɓar Saliyo kuwa, wani Bature ɗan kasuwa mai suna Tucker ya sauka yankin Sherbro a ƙarni na 17 ya auri 'yar sarauta, zuri'arsu ta zama gidan masu mulki da fatauci, har da cinikin bayi. Har yau akwai Tucker da yawa a kudancin Saliyo da Freetown, suna ɗauke da kalmar da mutanen kudu maso yammacin Ingila suka ƙirƙira don mai gallaza wa yadin ulu, a ƙasar da zafinta bai bar kowa ya nemi ulu ba.